Frankie Knuckles: Makaɗin da Ba Ya Riƙe Gula

Gabatarwa

A al'adarmu, wanda ake kira makaɗi shi ne wanda ya rataya ganga ko kalangu, ko ya rungumi garaya, aka ga hannunsa yana aiki, aka ji amo yana fita. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in mai karatu ya yi turus da jin cewa mutumin da za mu kawo tarihinsa a wannan maƙala, wanda duniya ta sallama masa a matsayin uban wani nau'in kiɗa sukutum, bai yi suna da buga ko busa wani abin kiɗa ba. Sana'arsa ita ce juya faifan garmaho a gidan rawa, wato abin da ake kira DJ. Abin da muke son bi sawu shi ne yadda aka yi mai zaɓar kiɗan wasu ya rikiɗe ya zama mai ƙirƙirar nasa, da kuma yadda aka raba ribar abin da ya shuka.

Daga Niyok zuwa Shikago

An haifi Francis Warren Nicholls, wanda aka fi sani da Frankie Knuckles, ran 18 ga Janairun 1955 a unguwar Bronx ta birnin Niyok a Amurka. Ya fara karatun zanen yadi, amma zuciyarsa tana gidajen rawa, inda shi da abokinsa na ƙuruciya, Larry Levan, suka yi yaran shago a ƙarƙashin wani gwanin juya faifai mai suna Nicky Siano. Daga bisani su biyun suka sami wurin juya faifai a Continental Baths. A lokacin kiɗan disko ne ke tashe, kiɗan da ya tsiro daga waƙoƙin baƙar fatar Amurka, ake haɗa shi da ganguna da goge da ƙahonni da muryoyin da aka horar a majami'u.

A 1977 wani mai suna Robert Williams ya buɗe gidan rawa a Shikago, a wani gini mai lamba 206 a kan titin Jefferson ta Kudu, wanda aka raɗa wa suna Warehouse, ma'ana sito. Levan ya fara nema, shi kuwa ya ƙi barin Niyok. Da haka damar ta faɗo hannun Knuckles, yana ɗan shekara 22.

Wajibi ne mu tsaya a kan wannan gida, domin in babu shi babu labarin. Ba a sayar da giya a cikinsa, don haka dokar rufe mashaya ba ta hau kansa ba; akan fara rawa da tsakar daren Asabar, a kai har hantsin Lahadi. Masu zuwa a farkon al'amari akasarinsu baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, maza masu neman jinsinsu, mutanen da sauran gidajen rawa na birnin ba sa maraba da su. Ke nan Knuckles ya sami abin da mai juya faifai a rediyo ba ya samu: jama'a guda, masu dawowa kowane mako, a tsaye gabansa na sa'o'i goma ko fiye. Yana kallon ƙafafunsu. Ya san gaɓar da in waƙa ta kai ihu ke tashi, ya kuma san inda jiki ke mutuwa.

Ranar da aka ƙone disko

Ran 12 ga Yulin 1979 aka yi wani abu a filin wasa na Comiskey Park a nan Shikago. Wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya yi shela cewa duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga kallon wasan besbol a kan santi 98 kacal. Dubban mutane suka yi dafifi, aka tara faya-fayen a tsakiyar fili aka tarwatsa su da nakiya, matasa suka ɓalle suka mamaye filin har aka fasa wasa na biyu. Masana suna ta muhawara a kan ko ƙin kiɗa ne zalla ya jawo wannan, ko kuwa ƙin masu kiɗan da masu rawarsa. A namu ganin, da wuya a raba biyun. Ko ma mene ne, cikin ɗan lokaci manyan kamfanonin faifai suka janye jiki daga disko.

Rijiyar da Knuckles ke ɗiba ta fara ƙafewa, ga shi kuwa jama'arsa ba su daina jin ƙishirwa ba. Sai ya koma ga tsofaffin faya-fayensa na kamfanoni irin su Salsoul da Philadelphia International. Da taimakon wani abokinsa mai ilmin na'urorin sauti, Erasmo Rivera, yakan ɗauki waƙa a kan zaren tef mai manyan ƙafafu, ya sa reza ya yanke gaɓar da ba ta motsa masu rawa, ya maimaita wadda ke motsa su, ya tsawaita wurin da ganga ke tafiya ita kaɗai, sannan ya liƙe zaren. Aiki ne irin na tela mai sake ɗinka tsohuwar riga. Waƙar da kowa ya sani sai ta fito da wata kama da ba a jin ta ko'ina sai a Warehouse. Ya kuma riƙa cakuɗa su da faya-fayen da ake shigowa da su daga Italiya da Jamus da Ingila, waɗanda aka yi da na'urorin lantarki. Masu shagunan faifai suka lura matasa na zuwa suna tambayar irin kiɗan da ake sawa a Warehouse. A ruwayar da ta fi shahara, daga nan aka gutsure sunan ya koma House.

Akwatin ganga

A ƙarshen 1982 Knuckles ya bar Warehouse, ya buɗe nasa gidan mai suna Power Plant. Williams kuwa ya ɗauko Ron Hardy ya sa shi a sabon gidansa, Music Box. Hardy mai zafin hannu ne, yana son sauri da ƙara. Knuckles mai natsuwa ne, yana son murya da taushi. Gasar da ke tsakaninsu ta amfani birnin ƙwarai.

A Power Plant ne ya ɗauki mataki na biyu. Wani saurayi daga Detroit, Derrick May, wanda daga baya ya zama jigo a kiɗan Techno, ya sayar masa da wata na'ura ƙirar kamfanin Roland na Japan mai suna TR-909. Akwati ne da ake tsara masa bugun ganga ya yi ta maimaitawa ba gajiya. Na'urar ba ta yi kasuwa ba sa'ad da ta fito a 1983, domin makaɗa sun ce amonta bai yi kama da ganga ta gaskiya ba. Knuckles ya riƙa kunna ta a ƙarƙashin faifan da ke juyawa, bugu huɗu daidai wa daida a kowace gaɓa, kimanin 120 a minti guda. Wannan bugu shi ne ƙashin bayan kiɗan House har gobe.

A nan ya kamata mu yi adalci. Ba Knuckles ne ya fara fitar da faifan House ba; galibi ana ba Jesse Saunders wannan matsayi da faifansa On and On na 1984. Haka kuma waƙar da aka fi danganta shi da ita, Your Love, wani matashi ne mai suna Jamie Principle ya rubuta ta ya kuma rera. Knuckles ya daɗe yana sa ta daga tef kafin ta hau faifai, har mutanen Shikago suka haddace ta. Amma da kamfanin Trax ya fitar da ita a 1987, sunan Knuckles ne ya fito fili, na mai waƙar ya koma baya. Abin da ya sa duk da haka muke ganin laƙabin uba ya dace da shi shi ne, yaran da suka sayi na'urori masu araha suka shiga ɗakunansu suna haɗa kiɗa, kunnensu a gabansa da gaban Hardy ya horu, kuma burin kowannensu shi ne a sa tef ɗinsa a ɗaya daga gidajen nan biyu.

Annabi a garinsu

Kiɗan ya ƙetare teku tun kafin Amurka ta san da shi. A Janairun 1987 faifan Jack Your Body na Steve Hurley, ɗan Shikago, ya hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayen da suka fi kasuwa a Ingila. A gida kuwa hukumar birnin ta ƙuntata wa gidajen rawa marasa giya lokutan aiki, kasuwa ta ja baya. Yaran da suka yi waƙoƙin da yawansu ba su ga kuɗin kirki ba. An sha kukan cewa Trax na narka tsofaffin faya-faye ya buga sababbi da su, kuma ba ya biyan haƙƙi. Sai a 2022 Larry Heard da Robert Owens suka karɓo mallakar waƙoƙinsu bayan ƙarar da suka shigar a 2020.

Knuckles ya yi 'yan watanni a Landan a 1987, sannan ya koma Niyok ya haɗa kai da David Morales da Judy Weinstein a kamfanin Def Mix. Aikin da ya fara da reza yanzu ya zama sana'a mai tsada: manyan kamfanoni na kawo masa waƙoƙin Michael Jackson da Diana Ross da Chaka Khan da Toni Braxton ya sake musu zubi don gidajen rawa. Ya fitar da Tears a 1989 tare da Satoshi Tomiie da Robert Owens, sai kundinsa na farko, Beyond the Mix, a 1991. A 1998, karon farko da aka ware lambar Grammy ga mai sake zubin waƙa, shi aka ba. A waɗannan shekaru ne kuma House ya isa Afirka ta Kudu, aka rage masa sauri ya zama Kwaito, wanda yana cikin tushen Amapiano da matasanmu ke ji a Legas da Abuja. Shi da kansa yakan kwatanta House da ramuwar gayyar disko.

Shikago ta tuna da shi daga baya. Ran 25 ga Agustan 2004 aka sa wa sashen titin Jefferson da Warehouse yake sunansa, kuma cikin waɗanda suka taimaka aka yi hakan har da wani ɗan majalisar jihar Illinois mai suna Barack Obama. Ciwon sukari da ciwon ƙashi suka sa aka yanke masa ƙafa a 2008, amma bai bar juya faifai ba. Ya rasu a Shikago ran 31 ga Maris ɗin 2014 yana da shekara 59. Faya-fayensa, kimanin 5,000, an adana su a cibiyar Stony Island Arts Bank da ke kudancin birnin. Ginin Warehouse kuwa, da aka ji tsoron sababbin masu shi za su rushe shi, majalisar birnin ta sa shi cikin gine-ginen tarihi a watan Yunin 2023.