Binciken Haihuwa na Zariya

Binciken Haihuwa na Zariya nazari ne da sashen haihuwa da cututtukan mata na Jami'ar Ahmadu Bello ya gudanar daga 1976 zuwa 1979, lokacin asibitin koyarwa yana Tudun Wada, tun kafin a koma Shika. Jagoransa shi ne Farfesa Kelsey Harrison, ɗan Abonnema ta Jihar Ribas, wanda ya zo Zariya a 1972.

Tsarin aikin mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar yi. Duk macen da ta haihu a asibitin sai an rubuta shekarunta, tsawonta, yawan haihuwarta, ko ta yi makaranta, ko ta zo awo, da yadda ta ƙare da ita da jaririnta. Ba a tsallake kowa ba har aka tara haihuwa 22,774. Charles Rossiter ne ya yi lissafin da kwamfuta, aka buga sakamakon a 1985 a wata babbar mujallar likitocin haihuwa ta Ingila.

Mata 238 ne suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace ɗari. Abin da ya fi adadin tayar da hankali shi ne su wane ne suka rasu. Kusan dukkansu matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su magashiyan bayan an gwada duk dabarar gida. Wata ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, musamman mai cikin fari da kunya ta hana ta ko nishi a gaban surukai. Ungozoma ta yi iyakarta, an ba da jiƙo da rubutu, maigida ba ya nan balle ya ba da izini, sannan aka shiga neman mota. Kafin a iso ɗan ya mutu a ciki, uwar kuma tana fama da jijjiga, ko zubar jini, ko fashewar mahaifa. Matan da ke zuwa awo, a asibiti ɗaya, a hannun likitoci ɗaya, kaɗan ne ƙwarai suka rasu. Haka nan waɗanda suka yi makaranta. Shi ya sa Harrison, duk da wuƙar tiyata ce sana'arsa, ya dage cewa babban maganin shi ne a sa kowace yarinya a makaranta, kuma alƙaluman suna bayansa.

Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda sau da yawa yoyon fitsari ke jiranta. Kan jariri yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu na tsawon sa'o'i, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Dakta Farhang Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 da suka zo asibitin da wannan lalura tsakanin 1969 da 1980. Mafi yawansu doguwar naƙuda ce sanadi, kashi 13 cikin ɗari kuwa yankan gishiri ne, wanda sau da yawa ake yi da niyyar buɗe wa ɗa hanya.

Akwai wani sakamako da ya kamata a fi saninsa a ƙasar Hausa. Tare da Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini, an ba ƙananan 'yan mata masu cikin fari maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini. Da yawansu suka ƙara tsawo suna ɗauke da cikin, domin jikinsu bai gama girma ba. Ƙwayoyi masu araha suka taimaka wa ƙugu ya sami ƙarin fili.

Harrison ya koma Fatakwal a 1981, amma aikin ya yi nisa bayansa. Yana cikin hujjojin da suka farkar da duniya kafin taron kare rayukan masu haihuwa da aka yi a Nairobi a 1987. A farkon shekarun 1980 ne kuma Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara ɗinke masu yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, ya koyar da likitoci masu yawa.

A Zamfara ma, mace daga Garbadu, ko ƙauyukan Bakura da Maradun, idan yoyon fitsari ya same ta, tana iya zuwa Asibitin Farida na Gusau, ko Sakkwato, ko Babbar Ruga, a yi mata aiki. Jinkirin da aka auna a Zariya kuwa bai gushe ba, ya ma ƙaru da wani sabo: idan naƙuda ta taso da dare, tsoron 'yan bindiga kan sa direba ya ƙi fitowa, a jira gari ya waye kafin a kama hanyar Talata Mafara.