Tarihin Lallaɓa Sabon Injin Babur da Sha'anin Zafinsa

Al'adar lallaɓa sabon injin babur, wato tafiyar da shi sannu a hankali a kilomitocinsa na farko kafin a sakar masa gudu, ta samo asali ne daga yadda ake ƙira a masana'antun Turai. Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach sun ɗora injin fetur a kan abin hawa mai siffar keke a Jamus a 1885, sannan a 1894 kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munich ya fara ƙera babura da yawa domin sayarwa. Na'urorin sassaƙa ƙarfe na wancan zamani ba su iya goge cikin silinda, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki, har ya yi sumul, saboda haka sai ringi, zobban da ke kewaye da fistan domin toshe ƙarfin ƙuna da hana baƙin mai haurawa sama, su ƙarasa gugar a hannun mai babur.

Wannan guga tana haifar da zafi fiye da kima, kuma da aka koma yin fistan da alminiyam, wanda ya fi baƙin ƙarfe kumbura idan ya ji wuta, sai haɗarin ya ƙaru, domin fistan kan cije a cikin silinda, inji ya buga. Daga nan ne masu ƙira suka shimfiɗa ƙa'idojin da aka gada: kada a murɗa totur har ƙarshe, kada a yi lodi mai nauyi, kada a daɗe a kan gudu iri ɗaya, kuma a yi juyen baƙin mai da wuri domin fitar da ɓurɓushin ƙarfe. A Ingila a da har takarda direbobi kan manna a bayan sabuwar mota, suna roƙon na baya ya wuce.

Hanyar sanyaya inji ita ma ta sauya a tsawon wannan tarihi. Mafi yawan baburan farko iska ce ke sanyaya su ta faffaɗan haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin silinda, ko da yake Alfred Scott ya fito da babur mai sanyaya da ruwa a Bradford tun 1908, kuma Suzuki GT750 na 1971 da Honda Gold Wing na 1975 sun ƙara wa lagireto karɓuwa. A injin da ke da lagireto, ruwan kan tsaya tsakanin digiri 80 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas, alhali kan silindar injin iska yakan haura digiri 150 ba tare da wata illa ba. Sanyi ma yana cutarwa, domin baƙin mai da bai ɗumama ba yana da kauri, ba ya saurin isa inda ake bukatarsa.

Ingantuwar na'urorin ƙira, da sinadaran shafe cikin silinda irin su Nikasil, wanda kamfanin Mahle na Jamus ya fitar a 1967, sun taƙaita lokacin lallaɓawa, har kamfanoni da dama suka tsayar da shi a wajen kilomita 1,000.

A ƙasar Hausa al'adar ta yi ƙarfi ne bayan sana'ar acaɓa, wadda ake kira kabu-kabu a Nijar, ta bunƙasa sakamakon matsin tattalin arziki na shekarun 1980, kuma daga baya Jincheng na Sin da Bajaj Boxer na Indiya suka cika tituna. Waɗannan ƙananan injuna iska ke sanyaya su, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ga kuma ɗan acaɓa da ke son fara biyan balas tun ranar da aka fito da babur daga kwali. Shi ya sa kanikawa suka ci gaba da jaddada juyen farko da tafiyar sannu, kuma a irin wannan yanayi ƙa'idar tana nan da amfaninta kamar yadda take a farkon ƙarni na 20.