Dokar da Ta Hau Kan Malam: Tsarin Aji a Makarantun Kudancin Kano

Tun da gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, muhawara ta fi karkata ga gini da benci da ɗaukar malamai. Duk abin nema ne. Sai dai kasafin kuɗi ba ya sayen ƙa'idar zama tsakanin malami da yaran da aka tara masa. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare, amma duk wanda ya san makarantun karkara daga Yako da Kwanar Dangora a ƙasar Kiru har zuwa Riruwai a Doguwa, ya san ajin da ya ninka haka ba abin mamaki ba ne. A irin wannan aji, dokar da ke aiki ita ce wadda yara suka san dalilinta, suke tsare ta ko malam ya ba da baya, kuma ta hau kansa kamar yadda ta hau kansu.

Mu fara da tsarin da muka gada. Malam zai fita, sai ya ce, "Monita, rubuta sunan masu surutu." Monita ya yago falle daga tsakiyar littafinsa, ya tsaya gaban allo yana zare ido. Mai guntun rake a aljihu ya san yadda zai yi a goge sunansa, wanda kuwa suka yi faɗa da monita jiya a bakin rijiya zai ga nasa ya fito sau biyu ko da bai ce uffan ba. Malam ya dawo ya bi takarda da tsumagiya ba tambaya. An samu shiru, ba shakka. Amma darasin da aji ya ɗauka shi ne doka makami ce a hannun na kusa da mai iko, kuma darasi ne da yake bin yaro har girmansa.

Masu kare wannan tsari sukan ce shi ne tarbiyyarmu, sauran duk shigo-shigo ne na Turawa. Tarihin mazhabarmu bai goyi bayansu ba. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a 870, ya rubuta Adabul Mu'allimin, kuma mafi yawan ƙa'idojin littafin malami suka ɗaure. Ya wajabta masa daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Ya hana shi aiken yara biyan buƙatunsa, ya hana shi duka cikin fushi ko a fuska da ka, ya taƙaita bulala ga uku sai da izinin uba, ya kuma hana a wakilta wani ya yi dukan. Monitan da ake miƙa wa bulala ya faɗi wannan jarrabawa tun fiye da shekara dubu da suka wuce. Ibn Khaldun ya ƙara gaba a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, inda ya nuna tsanani yana kashe wa ɗalibi zuciya, yana koya masa ƙarya da munafunci don tsira da fatarsa.

Binciken zamani ya iso wuri guda ta wata hanya. Jacob Kounin, a littafinsa na 1970, ya nazarci hotunan bidiyo na azuzuwa a Amurka, ya gano cewa salon tsawatarwa bayan an yi laifi bai bambanta malamin da ajinsa ke tafiya da wanda nasa ya rikice ba. Bambancin yana ga abin da ake yi kafin laifin: malam ya san abin da ke gudana a kowane lungu, kuma darasi ba ya yankewa har a samu giɓin da rigima za ta shiga. Emmer da Evertson da Anderson, a 1980, sun nuna malaman da suka yi nasara sun koyar da ƙa'idojinsu a makonnin farko na shekara tamkar darasi, da misali da maimaici. Dole a yi hattara, domin azuzuwan da aka yi wannan bincike ba su kai rabin namu ba. A ganina wannan ƙarfafa hujjar yake yi. Idon mutum ɗaya ba zai game yara tamanin ba, saboda haka tilas wani kaso na tsaron doka ya koma hannun yaran, ta hanyar rukuni-rukuni masu shugabancin karɓa-karɓa, kowane rukuni da alhakin shararsa da littattafansa da na baya a cikinsa.

Nan ne ake tayar da jijiyar wuya: yaro ne zai kafa wa malam doka? Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya lura a 1932 cewa yara, a wasansu, suna tashi daga ɗaukar doka abin da ba a taɓawa zuwa ɗaukarta yarjejeniya, kuma a mataki na biyun ne suka fi kiyaye ta. Ba sai mun je Suwizalan ba. A tsaya a dandali a kalli langa ko carafke: babu alƙali, amma wanda ya yi maguɗi ba ya kwana bai ji a jikinsa ba, don kowa ya yarda da ƙa'idar kafin a fara. Wannan ba ya nufin a sa komai a ƙuri'a. Hana duka da zagi da cin fuska haƙƙin malam ne ya yanke. Amma wa zai hau benci wannan mako wa zai zauna a tabarma, yaya za a raba littafi ɗaya tsakanin mutum biyar, me za a yi wa wanda ya ƙi shara, waɗannan yara sun fi malam sanin inda zaluncin yake.

Doka kuma sai ta san ƙasar da take. Wannan yanki na noma ne, masara da shinkafa da rake, ga noman rani a kewayen madatsar Tiga da ke Bebeji. Yaron da ya makara lokacin shuka ko kaka sau da yawa daga gona yake, yarinya kuma daga tallan koko. In hukuncin makara bulala ce a bakin ƙofa, lissafin yaro mai sauƙi ne: in rana ta ɗaga, gara ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Ƙa'idar da ta ce mai makara ya shigo shiru ya zauna, rukuninsa su nuna masa inda aka tsaya, ya rama aikin a lokacin tara, ta riƙe shi a makaranta kuma ba ta yafe masa ba.

Haka batun harshe. Tarar da ake ci don an yi Hausa a aji ba ta koya wa kowa Turanci, bakin yara kawai take rufewa. A Tudun Wada da Doguwa, inda ɗan Fulani da ɗan Kurama da Bahaushe, Musulmi da Kirista, kan haɗu a benci ɗaya, ƙa'idar da ta fi kowace tsada ita ce kada a yi wa mutum dariya don karin harshensa ko don ya amsa ba daidai ba. Shewa ɗaya ta isa ta sa yarinya ta daina ɗaga hannu har ƙarshen zango. Sannan jerin dokokin da ake kwasowa daga taron bita, irin su a kalli malam ido cikin ido, karo suke da kunyar da aka koya wa yaro a gida. Sunkuyar da kai a wajenmu ladabi ne, kuma malamin da ya karanta shi a matsayin taurin kai ya hukunta tarbiyya.

Wuri mafi wuya shi ne rabon malam a takardar dokokin aji da za a manna a bango: zai shigo a kan lokaci, zai kira kowa da sunansa ban da laƙabin izgili, zai ji ta bakin wanda ake tuhuma, ba zai aiki ɗalibi gonarsa ba. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata zai ji wannan kamar ƙarin kaya, kuma yana da gaskiya. Yaro ɗan aji huɗu ba zai iya tuhumar malaminsa ba, don haka sai da mai tsaya masa. Kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wanda ya haɗa hedimasta da mai unguwa da limami da wakilan iyaye mata, shi ya kamata a karanta wa takardar a farkon zango. A wannan zaman ne kuma za a yi magana da uban da ke kawo ɗansa yana cewa, "Malam, a dake shi," a gaya masa abin da aka tanada maimakon dukan.