Ramukan Yaƙi na Agongointo da Dawakin Arewa

Birnin Kwatano yana zaune ne a kan rairayi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, inda mai haƙa rijiya ba ya nisa kafin ya tarar da ruwa, saboda haka babu dutse a cikinsa balle kogo. Sai dai unguwar Zango, wadda ta samo sunanta daga masaukin da ayarin fatake ke yada kaya a cikinsa, ba ta taɓa rabuwa da hanyar arewa ba, wato wadda ta bi ta Bohikon da Paraku har Malanbil, ta haye kogin Kwara zuwa Gaya. A bakin wannan hanya, sama da kilomita 100 daga Kwatano, akwai wurin tarihi mafi ban mamaki da aka tono a Jamhuriyar Benin, wanda direbobi da 'yan kasuwar Zango ke wucewa kusa da shi dare da rana, galibinsu ba tare da sanin cewa labarinsa ya taɓo ƙasar kakanninsu ba.

A watan Fabrairun 1998, yayin da wani kamfanin ƙasar Danmak ke aikin hanya a gefen Bohikon, ƙasa ta rufta da katafila a wani wuri da ake kira Agongointo-Zungudo, kuma da aka duba sai aka ga ɗaki ne aka sassaƙa a ƙarƙashin ƙasa. Bincike ya fito da irin waɗannan ɗakuna 52 a fili mai faɗin kadada 7, waɗansunsu da zurfin da ya kai mita 10. A shekarar ce aka sa wurin cikin jerin da Benin ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, a 2008 kuma aka buɗe shi ga masu ziyara.

Aikin farko na masanin tonon kayan tarihi, wato mai karanta rayuwar mutanen da daga abin da suka bari a cikin ƙasa, shi ne ya bambance kogo da rami. Kogo halitta ce da mutum ya tarar ya fake a cikinta, kamar na Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu ta jihar Jigawa, inda aka bar zanen shanu a jikin dutse. Na Agongointo kuwa hannu ne ya haƙa su cikin marmara, jar ƙasar nan mai sinadarin ƙarfe wadda taurinta ke riƙe rufi ba tare da ginshiƙi ba. Mai ziyara yana fara ganin baki ne zagayayye kamar na rijiya, mai ƙuncin da ba ya ɗaukar mutum biyu a lokaci guda, sa'annan idan ya sauka sai wurin ya buɗe ya zama ɗaki mai kumburarren rufi kamar cikin rumbu, da ƙananan ƙofofi masu shiga waɗansu ɗakunan a gefe. Hasken rana yana tsayawa ne daidai ƙarƙashin bakin, sauran wurin duhu ne da sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma wanda ya tsuguna a can na ɗan lokaci zai gane cewa ba don jin daɗi aka haƙa shi ba.

A harshen Fon ana kiran su ahwando, ma'ana ramukan yaƙi, kuma labarin baka yana danganta su da zamanin Sarki Dakodonu, ɗaya daga cikin sarakunan farko na Dahome a ƙarni na 17. Klavs Randsborg da Inga Merkyte na Jami'ar Kopenhagen, tare da masana 'yan Benin, sun shafe shekaru suna bin tudun Abome, inda fadar Dahome take, suka ƙidaya irin waɗannan ramuka sama da dubu, suka wallafa sakamakon a 2009. Hanyar gane shekarun rami ba ta dogara da shaida guda: ana auna gawayi a ɗakin gwaji a san lokacin da itacen ya mutu, ana kwatanta tsingaron tukwane da na wuraren da aka riga aka san zamaninsu, ana kuma lura da kayan da suka shigo ta teku kamar lofen taba na Turai, wanda fasalinsa ke sauyawa daga zamani zuwa zamani. Abin da aka samu ya nuna cewa yawancin ramukan na tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 ne da farkon na 19, kuma wannan ya kai mai nazari kai tsaye ga daular Oyo.

Bayan Sarki Agaja na Dahome ya ci masarautar Allada a 1724, sojojin Alafin na Oyo sun afka wa Dahome a 1726, suka yi ta dawowa har 1730, lokacin da Agaja ya yarda da biyan gandu, wato harajin da ƙasar da aka fi ƙarfi ke kai wa wadda ta rinjaye ta. Dahome tana da bindigogi daga Turawan bakin teku, amma a fili ba ta iya tsayawa gaban mahaya, shi ya sa dabararta ta zama watsewa da ɓuya har maharan su gaji su koma. A nan ne hikimar ramin take: doki ba ya shiga, mahayi kuwa in ya sauka sai ya zura ƙafa shi kaɗai cikin duhun da ake jiransa.

Waɗannan dawaki ba haifaffun kudu ba ne, domin ƙudan tsando da cutar sammore ba sa barin doki ya yi tsawon rai a can. Oyo, wadda Hausawa ke kiran babban birninta Katunga, tana sayo su ne daga arewa ta hanyar Nufe da Bargu da ƙasar Hausa, kuma bayi Hausawa ne da yawa ke kula da bargarta. Wajibi ne mai karatu Bahaushe ya dubi wannan da idon gaskiya, cewa kasuwar da ta arzuta fataken arewa tana cikin abin da ya tura manoman tudun Abome ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda ita Dahome ta jefa maƙwabtanta cikin irin wannan tsoro da farautar bayi. Da bayin arewa suka yi tawaye suka bi Afonja, sarkin yaƙin Oyo da ya bijire wa Alafin, a Ilori a 1817, ƙarfin Oyo ya fara karyewa, ba a jima ba kuma Sarki Gezo na Dahome, wanda ya hau gadon mulki a 1818, ya daina biyan gandun.

Bayanin yaƙi kaɗai bai isa ya ɗauke dukan ramukan ba, kuma kuskure ne a tilasta musu amfani guda. Tudun Abome wuri ne da ruwan ƙasa ke da nisa ƙwarai, har baƙin da suka ziyarci fadar a ƙarnonin baya suka yi ta ambaton wahalar ruwa a garin, ga shi kuma ramin marmara yana tara ruwan damina ya riƙe shi cikin sanyi. Masu binciken sun karkata ga cewa da yawa daga cikin ramukan sun yi aikin mafaka da na ma'ajiyar ruwa, ko a lokaci guda ko ɗaya bayan ɗaya, waɗansu kuma daga baya suka zama wuraren tsafi na masu addinin Bodun, kamar yadda har yau akwai wurin bautar Dan, abin bautarsu mai siffar maciji, a cikin harabar Agongointo. Fadojin sarakunan Abome, waɗanda UNESCO ta amince da su tun 1985, suna da nisan kilomita kusan 10 daga nan, kuma motar da ta tashi daga Kwatano da sassafe tana isa Bohikon kafin azahar.