Tarihin Ƙarin Jini da Asalin Sharuɗɗan da Ake Gindaya wa Mai Bayarwa

  

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitocinmu ya san wannan lamari: likita ya ce ana buƙatar jini leda biyu, a nemo dangi. A tattaro samari biyar ko shida, a shiga da su ɗakin gwaji, a fito a ce mutum ɗaya kaɗai za a ɗiba. Wannan nauyinsa bai kai ba, wancan jininsa bai isa ba, ɗayan kuma an ce ya dawo ya ga likita. Nan take sai guna-guni ya tashi, a ce ma'aikata ne ke son a saya a hannunsu. Ba na musun cewa akwai ɓata-gari a ko'ina. Sai dai sharuɗɗan nan suna da tarihi na fiye da shekara 300, kuma mafi yawansu ba a kafa su ba sai bayan an binne mutane.

Kafin a yi tunanin zuba jinin wani a jikin wani, sai da aka fara sanin yadda jini ke tafiya. Tsawon ƙarnoni likitoci suna bin maganar Jalinusu, likitan Girkawa, cewa jini yana ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan huduji da ido ba ya gani. Wanda ya fito ya ce babu waɗannan huduji shi ne Ibnun Nafis, mutumin Sham da ya yi aikin likita a Alƙahira ya rasu a 1288. A cikin sharhin da ya yi wa sashen halittar jiki na littafin Alƙanun na Ibnu Sina, ya bayyana cewa jini yana fita daga dama ya bi ta huhu, ya haɗu da iska, sannan ya dawo hagu. Wannan bawan Allah masanin fiƙihun Shafi'iyya ne kuma, abin lura ga ɗalibanmu da ke ganin ba a haɗa karatun addini da na likitanci. Cikakken bayanin zagayen jini a jiki gaba ɗaya ya zo ne a 1628, daga William Harvey na Ingila.

Daga nan aka shiga gwaje-gwaje. A 1665 Richard Lower ya zuba jinin kare a jikin wani kare a Ingila, karen ya rayu. A watan Yuni na 1667 wani likita a birnin Faris, Jean-Baptiste Denys, ya zuba wa wani yaro jinin ɗan rago. Yaron bai mutu ba, mai yiwuwa don jinin ɗan kaɗan ne. Wannan ya ƙara wa likitan ƙarfin gwiwa, har ya zuba wa wani mai taɓin hankali, Antoine Mauroy, jinin ɗan maraƙi, bisa zaton cewa sanyin halin maraƙi zai kwantar masa da hankali. Mutumin ya yi amai, ya yi fitsari baƙi ƙirin, daga baya a 1668 ya mutu. Magana ta kai kotu, kuma zuwa 1670 an hana wannan aiki a Faransa. Kusan shekara 150 aka yi babu mai kusantar sa.

Wanda ya farfaɗo da shi likitan haihuwa ne a Landan, James Blundell, wanda ya gaji da ganin mata suna mutuwa a hannunsa saboda zubar jini bayan haihuwa. Shi ya tabbatar da ƙa'ida ta farko: mutum sai jinin mutum. Ya fara a 1818, kuma sau da yawa mijin mai jego ake ɗiba a zuba mata. Wasu sun tashi, wasu sun cika, babu wanda ya san dalilin bambancin.

Amsar ta zo daga birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1901. Karl Landsteiner ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya riƙa gauraya ƙwayoyin jinin wannan da ruwan jinin wancan. Ya ga wasu suna zama lafiya, wasu kuma suna dunƙulewa kamar madarar da ta tsinke. Da haka ya gano rukunan da muke kira A da B da O, a 1902 kuma wasu abokan aikinsa suka gano AB. Ma'anar wannan ita ce, jikin mai rukunin A yana ɗauke da garkuwar da ke yaƙar jinin B, idan aka zuba masa sai ƙwayoyin su farfashe, ƙoda ta tsaya. Saboda haka ne ɗa na cikinka zai iya kasa ba ka jini, baƙo daga wata ƙasa ya ba ka. Landsteiner ya sami kyautar Nobel a 1930, kuma ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, ita ce aka ware a matsayin ranar masu ba da gudummawar jini ta duniya tun 2004.

A tsakanin 1939 da 1940 aka ƙara gano wani bambancin, wanda ake kira Rh, shi ne alamar tarawa ko ɗebewa da kuke gani a gefen rukunin jini. Wannan ya shafi iyayenmu mata ƙwarai. Macen da ba ta da Rh idan ta ɗauki cikin ɗan da yake da shi, jikinta na iya ƙera garkuwar da za ta cutar da 'ya'yan da za su biyo baya. Wani kaso na abin da muke kira wabi daga nan yake, kuma akwai allurar da ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa don rigakafinsa.

Sauran matsala ita ce jini yana daskarewa cikin 'yan mintuna, don haka dole mai bayarwa ya kwanta kusa da mara lafiya. A 1914 da 1915 likitoci a Beljiyam da Ajantina da Amurka suka gano cewa sinadarin sitiret yana hana shi daskarewa. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan sojan Amurka, Oswald Robertson, ya riƙa adana jini a kwalabe cikin ƙanƙara a fagen fama a Faransa. A 1921 Percy Oliver ya kafa a Landan ƙungiyar farko ta masu ba da jini kyauta, waɗanda ake rubuta sunayensu, a san rukuninsu, a gwada su don ciwon tunjere, a kira su idan buƙata ta taso. A 1937 kuma Bernard Fantus ya buɗe ma'ajiyar jini a wani asibiti a Shikago, shi ne ya raɗa mata suna bankin jini.

Tarihin nan yana da nasa abin kunya. Likitan da ya fi kowa tsara yadda za a tara ruwan jini da yawa a aika wa Birtaniya a 1940, wato Charles Drew, baƙar fata ne ɗan Amurka. Amma da aka fara tara jini domin sojojin Amurka a 1941, sai aka ƙi karɓar na baƙaƙen fata, daga baya a 1942 aka karɓa amma ana ware shi daban. Drew ya fito fili ya ce babu hujjar ilimi ko ɗaya a kan haka. Sai a 1950, shekarar da ya rasu, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta daina wannan wariya. Na kawo wannan ne don mai karatu ya iya rarrabewa tsakanin sharaɗin da aka gina a kan kare rai da wanda aka gina a kan ƙyama. Wanda ke cewa ba zai karɓi jinin wani yare ba, ko yana tsoron jinin wanda ba Musulmi ba zai sauya masa hali, tunaninsa bai yi nisa da na likitan da ya zuba jinin maraƙi ba. Jini ba ya ɗauke da aƙida ko ɗabi'a, kuma malaman wannan zamani sun halatta ƙarin jini tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba idan buƙata ta kama.

Abin da jini ke ɗauka shi ne cuta, kuma nan ne mafi tsananin darasi yake. A tsakiyar ƙarni na 20 sayen jini ya zama kasuwa a Amurka. Wa ke sayar da jininsa? Wanda talauci ya ƙure, da ɗan fursuna, da mai allurar ƙwaya. Irin wannan mutum idan aka tambaye shi ko ya taɓa yin shawara, zai ce a'a, domin gaskiya za ta hana shi kuɗin abinci. A 1970 wani masani ɗan Ingila, Richard Titmuss, ya wallafa littafi yana nuna cewa jinin sayarwa ya fi na kyauta yaɗa ciwon hanta. A 1975 Majalisar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe su gina tsarinsu a kan masu bayarwa kyauta. Ba a ji da wuri ba. An ci gaba da haɗa ruwan jinin dubban mutane wuri ɗaya ana yin maganin masu cutar rashin daskarewar jini, ta yadda mutum ɗaya mai cuta ya isa ya gurɓata duka. Rahoton binciken da aka fitar a Birtaniya a watan Mayu na 2024 ya ce mutane fiye da 30,000 ne suka kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunan jini daga 1970 zuwa farkon shekarun 1990, kimanin 3,000 sun mutu. A lardin Henan na ƙasar Sin ma, cinikin ruwan jinin manoma a shekarun 1990 ya shigar da ƙanjamau ƙauyuka da dama.

Gwaje-gwajen sun zo ɗaya bayan ɗaya: na ciwon hanta nau'in B a farkon shekarun 1970, na ƙanjamau a 1985, na ciwon hanta nau'in C a farkon shekarun 1990. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kowace leda don waɗannan uku da kuma tunjere. To, wani zai ce, tunda ana gwaji, mene ne na tambayoyi masu nauyi? Dalili shi ne, idan ƙwayar cuta ta shiga jiki akwai kwanaki ko makonni da gwaji ba ya ganin ta, alhali tana iya kama wanda aka zuba wa jinin. A wannan tsakani babu abin da ke kare mara lafiya sai gaskiyar mai bayarwa. Don haka idan an tambaye ka ko an yi maka ƙaho ko tsaga kwanan nan, ko ka yi tarayya da wani a aska ko allura, ko ka yi wata mu'amala da kai ka san ta, ya ɗan'uwa amana ce aka ɗora maka. Idan kunya ta hana ka faɗi, gara ka ce ba za ka bayar ba yau. Wanda ya ɓoye don kada dangi su zarge shi, ya iya sa wa ƙanwarsa ciwon da za ta mutu da shi.

Sauran sharuɗɗan kai mai bayarwa suke karewa. Jinin baligi kimanin lita 5 ne, ana ɗibar mililita 450, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Shi ya sa galibi ake neman mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 zuwa sama, wanda ma'aunin jininsa ya kai 13 ga namiji, 12 ga mace, ko da yake ƙasashe na ɗan sassaɓawa a lambobin. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuwa sai makonni, saboda haka namiji kan jira wata uku, mace wata huɗu. Mai ciki da mai shayarwa da mai zazzaɓi ana ɗaga musu. Mai sikila ba ya bayarwa, shi mai karɓa ne. Duk wannan ya dace da ƙa'idar malaman fiƙihu cewa ba a kawar da cuta da wata cutar irinta.

Ta fuskar shari'a, asalin jinin da ya zuba najasa ne kuma haramun ne a ci, amma lalurar ceton rai ta halatta ƙarinsa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a zamanta na 1409 bayan Hijira, wato 1989, ta yanke cewa ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke yi, ko da mace ce ta ba jaririn da bai kai shekara biyu ba. Ta kuma yanke cewa sayar da jini bai halatta ba, bisa hadisin da ya hana cin kuɗin jini, amma wanda ya rasa mai ba shi kyauta ya saya bisa lalura babu laifi a kansa, laifin na wanda ya karɓi kuɗin ne. Ikon Allah, inda likitoci suka isa bayan asarar rayuka, nan malamai suka isa ta hanyar nassi. Game da azumi, an ƙiyasta ba da jini a kan ƙaho: a wajen Malikawa ba ya karya azumi, sai dai an karhanta shi ga wanda ke tsoron galabaita, Hambalawa kuwa suna ganin ƙaho yana karyawa. Wanda ba gaggawa ta kira shi ba, ya bari sai bayan buɗa-baki.

A Nijeriya an kafa hukumar ƙarin jini ta ƙasa a 2004, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini, a 2021 kuma aka ba hukumar dokarta ta kanta. Duk da haka, har yau yawancin jinin da ake ƙarawa daga dangi yake fitowa, ko daga masu sayarwa da ke shigowa da sunan dangi. Masu buƙatarsa kuwa mun san su: mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini a damina, wanda ya yi haɗarin mota, da masu sikila, waɗanda ake haifar kimanin 150,000 a ƙasar nan kowace shekara. Mai jegon da ke zubar da jini na iya cikawa cikin awa biyu, alhali kiran dangi da gwada su da haɗa jinin na iya cin fiye da haka. Ledar da za ta cece ta ita ce wadda wani saurayi lafiyayye ya bayar tun makon jiya, bai san ta ba, aka gwada aka ajiye a firji. Jini ba ya wuce kwana 35 zuwa 42 a ajiye, don haka wanda ya bayar sau ɗaya a taron ƙungiyar ɗalibai, ana jiran sa ya dawo bayan wata uku.