Damuwa da fargabar masu jego a lokacin annobar korona

Damuwa da fargabar masu jego wani yanayi ne na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke samun mace bayan ta haihu, inda take fama da yawan tunani, tsoro da rashin natsuwa. Matsalar ta ƙara fitowa fili a lokacin annobar korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya a ranar 11 ga Maris, 2020.

Yawaitar matsalar

Tun kafin annobar, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kai kashi 20 cikin 100. A watan Maris na 2022 hukumar ta bayyana cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar, kuma mata na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Dalilai

Babban dalili shi ne tsoron kamuwa da cutar ko shafa wa jariri, musamman a watannin farko da ba a san yadda take yi wa jarirai ba. Asibitoci da dama sun hana miji ko ’yan uwa shiga ɗakin haihuwa, wasu kuma sun raba uwa mai cutar da jaririnta. A jihar New York ta Amurka, sai da gwamna Andrew Cuomo ya ba da umarni a ƙarshen Maris 2020 cewa a bar kowace mai naƙuda da mutum ɗaya da zai tsaya mata.

Dokar kulle ita ma ta raba mai jego da masu taimakonta. A Najeriya an rufe Legas da Abuja daga ranar 30 ga Maris, 2020, sannan Ogun da Kano a watan Afrilu. Hana zirga-zirga da taruwa ya shafi zuwa barka, taron suna da tafiya wankan jego gidan iyaye, al’adun da suke sama wa mai jego hutu da abokan hira. Karyewar sana’a da yaɗuwar jita-jita a kafafen sada zumunta sun ƙara dagula al’amarin.

Alamomi

Mata da yawa kan ji kuka da sauyin rai a kwanaki biyu ko uku bayan haihuwa, abin da yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, ana zargin larura ce. Alamominta sun haɗa da kasa barci ko da jariri ya yi barci, faɗuwar gaba, saurin fushi, yawan duba numfashin jariri, wanke hannu fiye da kima, da jin cewa ta kasa a matsayin uwa. Ma’aikatan lafiya kan yi amfani da ma’aunin Edinburgh, mai tambayoyi 10, wanda aka wallafa a 1987, domin gano masu buƙatar kulawa.

Illa

Idan ba a kula ba, damuwar kan rage shaƙuwa tsakanin uwa da jariri, ta sa a daina shayarwa da wuri, ko a ƙaurace wa asibiti har jariri ya rasa rigakafi. Tunanin cutar da kai ko jariri, ruɗewa, ko jin muryoyin da babu su, alamu ne da ke buƙatar ganin likita nan take.

Kulawa da magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a raba uwa da jaririnta ko da tana ɗauke da korona, ta ci gaba da shayarwa, tana sanye da takunkumi tare da wanke hannu. Ana magance damuwar ta hanyar zantawa da ƙwararre, wanda a lokacin kulle aka riƙa yi ta waya ko intanet. Likita kan rubuta magani irin su sertraline, wanda ake bai wa masu shayarwa, idan larurar ta yi tsanani. Taimakon miji da dangi wajen reno da aikin gida, domin mai jego ta samu barci, yana daga cikin abubuwan da ke rage ta.