Daga Littafin Unix Zuwa Ɗan Aiken AI: Tarihin Rubutun Bayanin Kayan Aiki



Yau za mu waiwayi tarihin wani nau'in rubutu da ba a cika ɗaukarsa adabi ba, wato ɗan gajeren bayanin da ake rubutawa a kan kayan aikin kwamfuta: me yake yi, yaushe ake amfani da shi, me yake buƙata. A yanzu babban mai karanta wannan rubutu shi ne ɗan aiken ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar AI da ake tura ta ta binciko abu, ta aika saƙo ko ta biya kuɗi a madadin mutum.

Asalin abin ya koma 1971, lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka suka fitar da littafin jagora na farko na tsarin Unix. Kowane umarni yana da shafinsa, kuma shafukan tsarinsu ɗaya: suna, yadda ake kiran umarnin, bayanin aikinsa, sai wani sashe na musamman da ke lissafa kurakuran da aka san yana da su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai karatu a wancan zamani mutum ne, idan bayani ya gaza sai ya gwada da kansa ko ya tambayi na kusa da shi.

Da intanet ta bunƙasa, sai manhajoji suka fara magana da junansu kai tsaye. Na'urar wancan lokaci ba ta fahimtar zance, don haka aka koma tsararrun sigogi masu tsauri, irin su WSDL a 2001, da Swagger a 2011 wanda daga baya ya koma OpenAPI. A nan jimlar bayani ta zama ado kawai. Na'ura tana duba suna da nau'in bayanan da za a shigar, jimlar kuwa an bar wa injiniya, in ya ga dama ya karanta.

Shekarar 2023 ce ta juya lamarin. A watan Maris kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar haɗa ChatGPT da manhajojin waje, kuma a takardar rajistar kowace manhaja akwai gurbi biyu: bayani don mutum, da bayani don na'ura. A watan Yuni ya ƙara tsarin da AI zai zaɓi kayan aiki da kansa bisa abin da aka rubuta a kansu. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, inda kowane kayan aiki ke zuwa da suna, da bayani cikin zance na yau da kullum, da jerin abubuwan da yake karɓa. Jimlar da aka mayar ado ta dawo ita ce linzami.

To yaya ake gane bayani mai kyau? Ɗauki misalin kanti mai kayan aiki biyu, ɗaya na duba oda, ɗaya na soke ta. Idan an rubuta wa dukkansu "yana kula da odar mai saye", ɗan aiken zai iya soke odar wanda ya zo tambayar ina kayansa suka kwana. Haka idan ba a faɗi tsarin kwanan wata ba: 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu.

Shi ya sa awon ya koma kan aiki. A 2024 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka kafa allon gwaji da ke duba ko AI ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ko ya cike guraben daidai, da ko ya san ya janye idan babu wanda ya dace. Masu gina manhaja suna juya wannan dabara kan rubutun kansa: a bar AI ɗin yadda yake, a sauya bayanin kawai, a sake ba shi ayyuka iri ɗaya, a ƙirga sau nawa ya dace. A 2025 kuma masana tsaro suka nuna ana iya ɓoye mugun umarni a cikin bayanin, ɗan aiken ya bi ba tare da mai shi ya sani ba. Saboda haka gaskiyar bayani ma ta shiga ma'auni.

Darasinmu a nan shi ne, wannan mai karatu ba ya ganin fuskarka, bai san abin da ke ranka ba, abin da ka rubuta kaɗai yake da shi. Mai karanta labarinka ma haka yake. Ga aikin wannan mako: zaɓi abu ɗaya, ko keken ɗinki ko injin markaɗe, ka bayyana shi cikin jimla huɗu: aikinsa, lokacin amfani da shi, lokacin da bai dace ba, da abin da yake buƙata. Ka ba wanda bai san shi ba ya karanta, ka ga abin da zai aikata.

Sai mun ga naku a ƙasa. Allah Ya ƙara basira.